Ƙyallen da Ba Ya Shan Ruwa

Da sunan Allah nake farawa, Mai tudu da kwari, Mai rani da damina, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kuma huda ta inda ya so. Ku matso kusa, muryata ba ta kaiwa bango kamar da. Ni ne Korau ɗan Anaruwa, marini jikan marina, mutumin Rugumau. Na taka ƙasashen da fatake ba su san sunansu ba, na sha ruwan da ba a tulu ake ɗebo shi ba, na kuma dawo da ƙafafuna. Ga yadda aka yi.

Mu biyu muka tashi a karofin mahaifina, inda ramukan rini suke, ni da Jatau ɗan ƙanensa. Na girme shi da damina biyu. Ni nake sanin baban rini ya nuna tun daga warinsa, ni nake bugun turkuɗi, rinannen ƙyallen nan mai sheƙi, har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Jatau kuwa dariya ya iya. Amma mace za ta kawo zane, ta wuce ni ina tsaye da muciya a hannu, ta ce, "Ina Jatau? Shi nake so ya rina mini." Ni zan rina, shi zai miƙa, shi za a yi wa godiya. Mahaifina da kansa yakan ce, "Korau ya iya aiki, Jatau ya iya mutane." Yana faɗa yana murmushi, bai san inda maganar take sauka ba.

Wata shekara wani bafatake ya sauka garinmu da ɗan guntun ƙyalle shuɗi. Ya ce tun zamanin kakansa ake wanke shi, rana ta doke shi, bai koɗe ba. Na shinshina, ba baba ba ne. Ya ce wani dutse ne ake haƙowa a kogon da ake kira Maƙogwaron Ƙasa, can bayan Hamadar Gishiri. Ban gaya wa kowa ba, na ɗaure kayana. Na ce wannan karon zan kawo abin da ba mai iya miƙa shi a madadina.

Da safe na iso ƙofar gari, sai ga Jatau zaune kan ƙunshinsa yana cin gyaɗa.

"Yaya, haka za ka tafi da wannan fuskar taka? Ai a garin farko za a ɗauka biko ka zo."

Bayansa kuwa rabin unguwa ne, sun zo rakiyarsa.

Mun yi wata huɗu muna tafiya. Mun ratsa dajin da itatuwansa ke jan saiwa suna bin inuwar gajimare, in ka ɗaure jaki a gindin ɗaya da hantsi, sai ka neme shi a wani tudun da azahar. Mun ƙetare kogin da ke gudu gabas da safe ya juyo yamma da la'asar. Jatau ya ce a faɗa kawai, ni na ce a jira tsakar rana, lokacin da ruwan ke tsayawa yana shawara. Muka haye ko gwiwa bai kai mana ba. Masu kwalekwalen da ke kallo suka nuna Jatau suka ce, "Kai, jan nan akwai kai."

A tsakiyar Hamadar Gishiri muka faɗa hannun mutanen Farfaru. Gidajensu gishiri ne, tufafinsu fari, shanunsu fari, ba su taɓa ganin rini ba. Dokarsu ita ce baƙo ya nuna wa sarki abin da idonsa bai taɓa gani ba, in ya kasa ya zauna yana dakan gishiri har ƙarshen ransa. Aka ba mu kwana bakwai. Jatau ya ce zai yi masa kukan jaki. Ni na roƙi tukunya da toka, na zuba ɗan shunin da na yo guzuri, na yi ta juyawa ina ɗanɗanawa har ya nuna. Duk marini ya san ƙyalle yana fitowa daga baba kore-kore ne, sai ya sha iska yake komawa shuɗi. Ranar da muka gurfana na tsoma farin rawanin sarki, na ciro. Kafin in miƙe, Jatau ya fizge shi daga hannuna, ya ɗaga sama, ya daka masa tsawa: "Kai rawani, ba ka ga sarki ba? Sake launi!"

Rawani ya rikiɗe a idon kowa. Fada ta ruɗe. Sarki ya ba Jatau raƙumi, ya dube ni ya ce, "Baranka ma ya yi ƙoƙari, ya riƙe maka akala."

Jatau ya yi dariya har da hawaye, muna fita gari ya sauka ya ce in hau. Ban hau ba. Da ƙafa na ƙarasa hamadar.

Mutanen gindin kogon manoman albasa ne da alkama, kuma da kashin jemagun kogon suke takin gonakinsu. Wadda ke riƙe da ƙofar wata tsohuwa ce, Iya Kyallu, guntuwa, mai kaifin ido. Ba mai shiga sai da izininta. Ta zaunar da mu a inuwa, ta dubi hannayenmu shuɗaye har gwiwa, ta ce, "Dutse kuka zo nema. To ku buɗe kunne, 'ya'yan nan, ba na maimaitawa. Ba aljani a ciki, ba maciji. Abin da ke ciki ya fi su ƙanƙanta. Jemagu sun fi shekara dubu suna zuba kashi, ya bushe ya zama gari. A cikin garin akwai wata funfuna da ido ba ya gani. In ƙura ta tashi ka shaƙa, sai ta sauka a huhunka ta yi shuka, kamar yadda take yi a tuwon da aka manta. Ranar ba za ka ji komai ba. Sai bayan kwana goma, ko sha biyar."

Na ce, "Iya, tana kisa?"

"Wani ko atishawa ba ya yi. Wani ya kwanta wata guda ya tashi. Wani kuwa..." Ta nuna wani tudu da haɓa. Duwatsun kaburbura ne jere a kai.

Na dubi tudun, amma maganar da ta zauna mini ita ce ta tsakiya.

Dokokinta uku ne. Na gaba yana yayyafa ruwa kafin kowane taku. Ba gudu, ba ihu. Kowa ya ɗaure hanci da baki da ƙyallenta, wani kakkauran saƙi mara rini, ninki bakwai, jiƙe sharkaf. In an fito za ta matse ƙyallen da hannunta. Wanda ya karya doka, shi da abokin shigarsa sun rasa dutsen, ba kuma za su sake leƙa kogon ba.

Sai ta miƙa wa Jatau dagi, ta miƙo mini salkar ruwa da tsintsiya.

"Mai dariya ya haƙa. Kai mai ɗaure fuska ka yi yayyafi, yayyafi ba ya son ɗan wasa."

Yau na san yabo ne ta yi mini. Ran nan ban ji haka ba, don ta riga ta faɗa mana al'adarsu: ana niƙa dutsen a jiƙa shi kwana goma sha huɗu, sannan wanda ya haƙo ya yi rinin farko a gaban jama'a, su koya masa sirrin haɗin, launin kuma ya ɗauki sunansa a ƙasar da zai kai shi. Sai in ya kasa tsayuwa ne abokinsa zai karɓa. Shuɗin Jatau. Na yi ta juya sunan a bakina kamar ƙashin kifi.

Da hantsi muka shiga, kowa da fitilarsa. Zauren farko ginshiƙai ne na dutse, wasu sun sauko daga sama, wasu sun taso daga ƙasa, suna neman juna ba su haɗu ba. A na biyu akwai tafki mai fararen kifaye marasa ido, in haske ya taɓa ruwan sai duk su juya ciki sama. Daga nan ƙasa ta fara laushi. Ina yayyafawa, muna takawa, ƙafa na nutsewa har idon sawu. Na ɗaga fitila, na ga rufin yana motsi. Jemagu ne, ba wurin sa yatsa.

Jatau ya matso ya yi mini raɗa ta cikin ƙyalle: "Yaya, tsumman nan warin tunkiya yake. Sai ƙaiƙayi. Zai kashe ni kafin ƙurar."

A kansa akwai rawanin turkuɗi, wanda ni na buga da hannuna. Na cusa masa shuni da kitse, na yi kwana biyu ina dukansa har ya yi santsi. In ruwa ya zuba a kansa mirginawa yake kamar a ganyen gwaza. Duk mabugi ya san wannan. Jatau bai taɓa zama ɗakin bugu ya kai azahar ba.

Na ce, a hankali, "Ni dai mamaki nake. Mutumin da za a kira shuɗi da sunansa, ya je gaban dutsen da tsumman tunkiya a fuska. Ga turkuɗin gidanmu a kanka. Ba jiƙawa ce dokar ba? Jiƙa naka."

"Iya fa?"

"Iya tana waje. Sa nata a jakar fata, in za mu fita ka mayar."

Idanunsa suka yi dariya. Ya tsoma jelar rawanin a bakin salka, ya ji sanyi a yatsunsa, ya ja ta ya rufe hanci, falle ɗaya, sako-sako, yadda samari ke yi ranar kasuwa. Ina kallon ɗigon ruwan yana gangarowa kan ƙirjinsa. Na ce a raina, wata guda ne kawai. Zai kwanta, in rina, ya tashi.

A zaure na uku muka ga dutsen, jijiya guda a jikin bango, shuɗin da ya sa na ji kunyar duk abin da na taɓa rinawa. Na jiƙa gindin bangon. Jatau ya kafa dagi sau uku, a na huɗu wani falalen dutse ya ɓalle ya faɗa can gefe, inda ruwana bai kai ba. Rufi ya zubo mana. Fukafukai ta ko'ina, ƙura ta turnuƙe har fitilata ta zama kamar garwashi. Na danne ƙyallena da hannu biyu na durƙusa. Ina jin Jatau yana tari yana dariya, yana cewa, "Na riƙe shi, Yaya! Na riƙe shi!"

A bakin ƙofa Iya ta karɓi ƙyallayen ta matse. Dukansu suka ɗiga. Ta ce, "Madalla," ta sa aka kwara mana ruwa daga kai har ƙafa, aka wanke tufafin.

Kwana tara Jatau yana yawo cikin gari, ya koyi gaisuwarsu, ya san sunan kowace tsohuwa. Ran na goma ya ce kansa na sarawa. Ran sha ɗaya zazzaɓi ya kwantar da shi, da busasshen tari mai fitowa kamar ana tsaga kara. Ran sha biyu ya ce in ya ja numfashi ji yake an ɗaure masa ƙirji da igiya. Gumi ya jiƙe tabarma, ya bar cin abinci, leɓɓansa suka fara duhu.

Iya ta sa kunne a bayansa ta daɗe tana saurare. Ta fito da ni waje.

"Da ban matse ƙyallensa da hannuna ba, sai in ce kogon ne. Amma na matse. Baƙi sukan kama zazzaɓin kwarin nan, shi nake yi masa magani."

"Na kogon fa, Iya, ba shi da magani?"

"Akwai. Wata saiwa ce, wata uku ana sha. Tana kashe funfunar, amma tana cin jikin mai sha. Na ga wanda ta lalata wa ƙoda. Ba na ba da ita a kan zato." Ta kafa mini ido. "Ko akwai abin da ban sani ba?"

Na ce babu.

Na koma ciki. Ɗakin cike yake da mata, wannan ta kawo kunu, waccan tana yi masa fifita, wani tsoho yana tofa masa addu'a. Ko ciwo ya fi ni iya yi. Da suka watse ya kamo hannuna.

"Kada ka faɗa mata, Yaya. In ta ji, dutsen ya tafi, wata huɗunmu ya tashi a banza." Tari ya sarƙe shi, ya daɗe kafin ya samu kansa. "Laifina ne, ni na cire. Kai ka rina. Dama kai ne marinin, ni ɗan kai saƙo ne. In ban tashi ba ka kai wa Baba, ka ce na gaishe shi."

Duk abin da na taso daga Rugumau ina nema, ga shi ya ɗora mini a tafin hannu. Kyauta. Ko wannan ma sai da ya bi ta hannunsa.

Ran sha huɗu aka taru a dandali da hantsi. An kafa babbar tukunya, ruwan dutsen yana ƙyalli a ciki. Jatau bai san wanda ke kansa ba tun jiya, don haka aka miƙo mini farin zane. Na naɗe hannun riga. Sai na ji wasu mata biyu a bayana.

"Allah sarki, ɗan jan nan. Iya ta ce da wuya ya kai jibi."

"In ya cika a nan za mu ajiye shi kusa da namu. Wannan ba baƙo ba ne."

Zan so in gaya muku ƙauna ce ta riƙe hannuna. Wataƙila akwai ta, can ƙasa. Amma abin da na gani a fili shi ne ƙofar Rugumau: na shigo da shuɗin da ba a taɓa gani ba, jama'a suna leƙa bayana suna tambaya ina Jatau. Na ga mahaifina yana shafa zanen yana kuka, yana cewa Jatau ya ba da ransa a kan wannan. Mai rai ana iya cim masa wata rana. In ya mutu yana yi mini kyauta, ya fi ni ke nan har tashin duniya.

Na ajiye zanen. Na tafi masaukinmu na ɗauko rawanin, na dawo na shimfiɗa shi gaban Iya.

"Da wannan ya shiga zaure na uku. Naki yana cikin jaka."

Iya ta jawo rawanin kusa. Ta ɗebi ruwa a ludayi ta zuba a kai. Ruwan ya taru, ya mirgina, ya sauka ƙasa, ko tabo bai bari ba. Ta shafa santsin da babban yatsa.

"Wa ya buga wannan?"

"Ni ne, Iya."

Ta dube ni. Ban taɓa sanin kallo na da nauyi ba sai ran nan. Ta juya ta ce a hura wuta a ɗora saiwa, maza huɗu kuma su ɗauki tukunyar. Ina tsaye suka kai ta bakin kogon suka kife. Shuɗin ya bi ta tsakanin duwatsu, ƙasa ta shanye.

Wata uku Jatau yana shan saiwar. Ya yi amai har na ce hanjinsa zai fito, ƙafafunsa suka kumbura suka saɓe, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Ni nake juya shi, ni nake wanke shi. Mutanen gari suna shigowa su gaishe shi, su wuce ni kamar turmi. A wata na huɗu ya taka ƙofa. A na biyar Iya ta ce ya tafi, amma ƙirjin ba zai koma kamar da ba, kada ya sake sunkuya kan ramin baba, kada ya zauna inda ake shara.

Muka kamo hanya, yana kan raƙumi ina jan akala. Numfashinsa na fita da ɗan fito. Kwana uku bai yi wasa ko ɗaya ba. A rana ta huɗu muka sauka gindin wata tsamiya da azahar, na miƙa masa ruwa, ya riƙe bai sha ba.

"Korau," ya ce. Bai taɓa kiran sunana haka tsirara ba. "Turkuɗi ba ya shan ruwa."

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Ina kwance abin ya faɗo mini. Na tuna ranar da ruwan sama ya kama mu a hanyar kasuwa, kana nuna mini yadda yake zamewa a kan rawanin, kana alfahari. Ka sani."

"Na sani."

"Me na yi maka?"

Na buɗe baki in lissafa, sai na ga ba abin da zan faɗa wanda ba zai zama yabonsa ba. Na ce, "Ba komai."

Ya dubi ruwan, ya ce, "A gida zan ce ka zubar da shuɗin don ka cece ni. Gaskiya ce, kuma Baba ya tsufa, ba zan kai masa sauran ba. Amma ka ji wannan. Wata biyu ke nan ina so in yafe maka. Kullum da safe sai in gwada, in ce yau kam. Abin ya ƙi. Ina ganin fuskarka sai in ji ƙirjina." Ya ajiye ruwan. "Ban iya ba. Ban san ko zan iya ba."

Ya juya mini baya, kafaɗunsa suna girgiza, tari da kuka sun haɗu.

Na tashi na je ɗaure wa raƙumi kaya, don kada ya waiwayo ya ga fuskata. Allah ya gafarta mini, shi ne shaida. Shekara talatin ina jiran in ga abu ɗaya da Jatau ya kasa, kuma a gindin tsamiyar nan, ina jan igiya da hannuna biyu, na ji wani sanyi ya ratsa zuciyata.

Iyakar abin da na ɗauko ke nan, na sauke muku. Ƙarya in ta shiga, tsufa ne. Gaskiyar kuwa tawa ce. Allah ya ba mu numfashi mai sauƙi.